Ƙafar Gwaggo ba ta saki ba

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zauna a kujerar direba fiye da kowane direba a layinmu, amma ko sau ɗaya mota ba ta taɓa motsawa da ita a wannan kujera ba. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta kuma taɓa neman ta iya ba. Aikinta taka birki. Shekara talatin da takwas tana taka birkin motocin da ke tsaye cak, wasunsu ma ba tayoyi, a ɗage a kan jak. Na zauna na rubuta labarinta ne saboda ya fara cakuɗewa a bakin dangi, wannan ya ƙara, wancan ya rage, har na ji wata 'yar uwarmu tana rantsuwa wai Gwaggo ta taɓa tsayar da tirela da ƙafa ɗaya. Ba ta taɓa ba. Abin da ta yi ya isa, ba sai an yi masa ƙari ba.

Mijinta shi ne Mai Birki. Garejinsa a jikin gidansu yake, ƙofa ɗaya ce tsakanin wurin aiki da tsakar gida. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa giyar mota, ba ya kuma taɓa sabuwar mota. Tsofaffi kawai yake karɓa, masu ƙarfe mai kauri da kujeru kamar gado, waɗanda masu su ke gogewa da hankici. Shi ma bai iya tuƙi ba. Ta ƙasa ya san mota. In ya haɗu da mai mota a hanya, sai ya sunkuya ya dubi takalminsa kafin ya gaishe shi, domin daga inda yake kwanciya takalma kaɗai yake gani.

Birkin irin waɗannan motoci da mai yake aiki. Ka taka, man ya bi ta cikin siraran bututu zuwa tayoyi huɗu, ya tura takalman birki su kama. In iska ta shiga bututun, sai ka ji kamar soso kake takawa, mota kuma ta ci gaba da harkarta. Fitar da iskar nan mutum ɗaya ba ya yin sa. Ɗaya yana kwance a ƙasa da ƙaramin sifana da tiyo da kwalba, ɗaya yana kujera. Na ƙasa ya ce, "Taka," na sama ya yi ta takawa har birkin ya ɗan yi tauri. Ya ce, "Riƙe," sai a danne a tsaya. Na ƙasa ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa ya zuba a kwalba, ya mayar ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki." Doka ɗaya ce a aikin: in na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure notin, bututun zai zuƙi iska ya koma da ita ciki, aiki ya lalace.

Satinta uku da aure ta kai masa ruwan sha gareji, ta tarar yana kwance a ƙarƙashin mota yana yi wa bulo faɗa. Abokin aikinsa ya koma sana'ar kifi, shi ne ya ɗora bulon siminti a kan birkin, bulo kuwa ya iya riƙewa amma bai iya takawa ba. Ya ce ta hau ta gwada. Gwaggo a kan keken ɗinkin mahaifiyarsu ta tashi, irin na ƙafa, don haka ta tuɓe takalmi ta taka yadda aka ce. Da aka gama ya fito, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya dubi ƙafarta.

"Ina kika samo wannan ƙafa?"

"Da ita aka kawo ni," in ji Gwaggo.

Tun daga ranar kujerar ta zama tata. Ba ta taka birki da takalmi, shi ya sa takalminta na dama kullum ya fi na hagu sabunta, rabin rayuwarsa a ajiye yake yi. Tafin ƙafarta yana jin iska a bututu tun kafin kumfa ya fito a kwalba. Ta kuma san abin da ba kowa ya sani ba: tsohuwar mota ba a danna birkinta har ƙasa, domin robar da ke cikin tukunyar birkin za ta hau inda tsatsa ta ci, ta yage. Sauran makanikai katako suke sawa a ƙarƙashin fedar da ake takawa don kada a wuce wuri. Ƙafar Gwaggo da kanta take tsayawa.

Ranar da za ta haifi ɗansu tilo, naƙuda a kujera ta same ta. Mai Birki ya ce riƙe, ya sassauta noti, sai sifanan ya suɓuce masa ya gangara wani lungu. Ya daɗe yana lalube yana mita. Gwaggo tana riƙe, gumi na zuba mata. Sai da ya samo sifanan ya ɗaure ya ce saki, sannan ta ce, "Na saki. Kira min ungozoma." Shi ya sa har yau ake kiran yaron Riƙe, duk da cewa yanzu injiniya ne a wani gari, yana ɗaura nakatayel a wuya.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin ƙafar da aka yi wa ƙazafi.

Akwai wata safiya da motar Mai Burodi ta gangaro layinmu, kwana ɗaya bayan an yi mata birki a garejin. Layinmu yana da ɗan gangare. Mai Burodi ya taka, feda ta tafi ƙasa salin-alin. Motar ba gudu take yi ba. Masu tafiya a ƙasa sun jera da ita suna ba shi shawara ta taga. A haka ta shiga shagon Tela, wanda ya samu sararin kawar da dutsen guga da kofin shayinsa kafin ta iso, ta jingina da teburin yanka ta tsaya. Ba wanda ya ko ƙwarzane. Amma jama'a sun taru, aka kira Mai Birki, ya zo da mai a hannu. Wani ya tambaye shi yadda aka yi. Ya dubi motar, ya dubi taron, ya ce:

"Ƙafa ce ta saki kafin na ɗaure."

Gwaggo tana tsaye a bayan taro. Ta ce, "Ban saki ba."

Bai waiwaya ba. A nan, a gaban Tela da Mai Burodi da rabin layi, ta ce daga yau babu magana tsakaninsu sai ta aiki, har ranar da bakin da ya faɗi wannan zai janye shi. Mai Birki ya ce shi ma haka.

Suka yi shekara goma sha ɗaya a haka.

Kada a zaci gidan ya mutu. Suna cin abinci tare, tana wanke masa kayan aiki, yana gyara mata murhu. Magana ce dai sai ta bi ta mota. Gwaggo za ta leƙo gareji ta ce, "Ke mota, gaya wa na ƙarƙashinki abinci yana hucewa." Daga ƙasa a ce, "Ce mata na ji, hannuna da mai." Ranar da babu mota a gareji kuwa, akwai wata tsohuwar taya da aka jingine a tsakar gida musamman don haka. Tayar nan ce ta sanar da Mai Birki cewa Riƙe ya samu matar aure. Ita ce kuma aka yi wa faɗa da rufin ɗaki ya fara yoyo.

Mahaifina ya je sulhu sau biyu. Na biyun ya ba ni labarinsa da kansa, yana dafe kai. Ya same ta a kujerar wata jar mota, ƙafafun mijin sun leƙo daga ƙasa.

"Ke, wannan wace irin rayuwa ce? Shekara nawa ba kwa magana da mijinki?"

"Yaya, wa ya ce ba ma magana? Jiya kaɗai sau saba'in ya yi min magana."

"Me ya ce?"

"Taka."

Mahaifina ya juya kan ƙafafun. "Kai kuma, ka ce ka yi kuskure mana, ko da ba ka yi ba. Me zai rage ka?"

Daga ƙasa aka ce, "Yaya, miƙo min sifana lamba takwas."

"Ni ba 'ko da ba ka yi ba' nake so ba," in ji Gwaggo. "So nake ya ce ban saki ba, domin ban saki ba. Matar da naƙuda ba ta ɗaga mata ƙafa ba, motar burodi ce za ta ɗaga mata?"

Mahaifina ya miƙa sifanan ya dawo gida.

Abin da sulhu bai taɓa ba, gwiwa ta zo ta taɓa. Gwiwar Gwaggo ta dama ta fara kumbura, har hawa kujera ya zama sai ta dafa ƙofa. Aka kira Likita. Tsohon likitan ƙashi ne da ya yi ritaya, gidansa a can saman gangare. Shi ne kuma mai motar da ta fi kowacce tsufa a cikin masu zuwa garejin, wata doguwar baƙa da ya gada daga mahaifinsa, yana kiran ta Tsohuwa. Ƙasan Tsohuwa, daidai wurin fedoji, tsatsa ta huda rami kamar faɗin tafin hannu. An rufe da ɗan kafet. Mai Birki ya sha cewa a kai wa mai walda, Likita ya ce a'a, ta nan ƙafarsa ke shan iska.

Ya matsa gwiwar dama, ya matsa ta hagu, ya cire tabarau.

"Wannan ta 'yar shekara tamanin ce. Wannan kuma ta 'yar arba'in. Ban taɓa ganin mace ɗaya da ƙafafun mata biyu ba. Daga yau babu taka birki."

Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta dubi tayar da ke jingine, kamar za ta ce mata wani abu, sai ta fasa. Mahaifiyata ta ce a ranar ta gane abin da ke damun Gwaggo ba ciwo ba ne. Za ta sauka daga kujera ke nan da sunan ƙafar da ta saki.

Riƙe da ya ji labari sai ya aiko da na'ura. Wani tulu ne na roba mai hannun famfo da agogo da tiyo, da murafu iri-iri a cikin jaka. Ana ɗaura shi a bakin tukunyar mai, a buga iska, shi zai riƙa tura man, mutum ɗaya ya isa aikin. Gwaggo ta kalle shi sau ɗaya ta sa masa suna Mai Tumbi.

Gaskiya dai a faɗe ta, Mai Tumbi ya yi aiki. Mota uku ya yi wa birki, ba wadda ta shiga shagon kowa. Sai dai bakin Mai Birki bai samu labari ba. Yana kwanciya a ƙasa zai ce, "Taka," sai ya ji shiru, sai ya yi tari. Gwaggo kuma tana tsakar gida a bayan ƙofa tana tsince shinkafa, mahaifiyata ta ga da idonta yadda ƙafar dama ke danna ƙasa in kalmar ta fito. Sati uku, ko taya ba wanda ya yi wa magana.

Sai ga Likita wata rana da hantsi, ya gangaro da Tsohuwa da birkin hannu, rigarsa sharkaf da gumi. Birkin ƙafa ya zama soso. Mai Birki ya ɗage ta, ya canza robobin tayoyin baya da suka tsiyaye, ya cika tukunya, ya jawo Mai Tumbi. Murafu tara ne a jakar, babu wanda ya shiga bakin tukunyar Tsohuwa, domin an ƙera ta tun kafin a haifi wanda ya ƙera su. Ya zaɓi mafi kusa, ya naɗe da igiyar roba, ya fara buga iska. Agogo ya hau. Murfin ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi, man birki ya fesu a kan gaban motar.

Man birki yana cin fenti. Likita ya kurma ihun da ya fito da Tela daga shago. Su uku suka yi ta kwara ruwa da bokiti, Likita yana gogewa da hularsa yana ba motar haƙuri.

"To ni zan taka," in ji Likita. Ya hau, ya ɗaga ƙafa da takalmi ya danna feda kamar mai kashe kunama.

"Tsaya! Likita, tsaya!" Mai Birki ya fito da rarrafe. "Har ƙasa kake kai ta! Za ka yaga robar tukunya, kuma wallahi babu irinta ko a kasuwa ko a akwatina. In ta yage, Tsohuwa ta zama kejin kaji."

Aka ce Tela ya gwada, tunda shi ma mai keken ƙafa ne. Tela ya taka da kyau, ba laifi. Aka ce riƙe. Ƙafar Tela ta ci gaba da sama da ƙasa.

"Na ce riƙe!"

"Ina riƙewa! Ita ce ba ta saba ba, shekara arba'in ba a taɓa ce mata ta tsaya ba."

Likita ya tsaya yana kallon ƙofar tsakar gida. Ya zaro takarda da biro daga aljihu, ya yi rubutu a kan gwiwarsa, ya je ya yi sallama. Gwaggo ta karɓi takardar ta karanta. An rubuta: a taka birki sau ashirin, da ƙafar hagu, yau kaɗai.

"Likita, ba kai ka hana ba?"

"Ni na hana. An samu ci gaba a fannin."

Ta tashi a hankali, ta shigo gareji, ta tuɓe takalmin hagu ta ajiye, ta zauna a karkace don ƙafar ta kai. Mai Birki ya shige ƙasa wurin tayar baya, wadda ta fi nisa da tukunya, da ita ake farawa. Ya sa tiyo a kwalba.

"Taka."

Ba abin da ya motsa.

"Taka."

"Ke Tsohuwa," in ji Gwaggo, tana shafa sitiyari, "gaya wa na ƙarƙashinki, ƙafar da ke saki ba a ba ta amanar ran likita. Gidansa a kan gangare yake."

Can sai Mai Birki ya fito. Bai kalli kowa ba. Ya taka akwati, ya miƙa hannu can bayan kantar da ake jera tsofaffin kwalabe, ya ɗauko wani gwangwanin man takalmi, ya koma ƙarƙashin mota. Wannan karon ba baya ya nufa ba, gaba ya yi. Sai Gwaggo ta ga kafet ɗin da ke gaban ƙafarta yana ɗagawa. Hannu baƙi ƙirin da mai ya ɓullo ta ramin Likita, riƙe da gwangwani.

Ta buɗe. Guntun bututun birki ne, tsawon ɗan yatsa, an naɗe shi a tsumma. A jikinsa akwai tsaga siririya kamar gashi.

"Ke Tsohuwa," aka ce daga ƙasa, "gaya mata..."

"Tsohuwa ba ta ji. Shekaru sun ja."

Mai Birki ya gyara murya daga ƙasa.

"Uwar Riƙe."

"Na'am."

"Ba ki saki ba. Bututun motar Mai Burodi ne ya tsage, ta can bayan taya. Ban gani ba da ina aikin. Washegari na gani, na yanke shi."

"Washegari."

"Washegari."

"Shekara goma sha ɗaya yana bayan kwalabe."

"Ina ta neman ranar da ta dace ne."

Gwaggo ta rufe gwangwanin ta ɗora a cinya. Ta ce ya koma wurin aikinsa. Ya koma. Ya ce taka, ta taka, a hankali, ƙafar hagu ta tsaya daidai inda ta dama ke tsayawa kamar an gaya mata. Ya ce riƙe, ta riƙe. Kumfa ya fito a kwalba. Ya ɗaure.

"Saki."

Ƙafa tana nan a danne.

"Saki mana."

"A gaban mutane aka faɗa," in ji Gwaggo.

"Gwiwar!" in ji Likita.

"Ta hagu ce, Likita. Kai ka ce 'yar arba'in ce."

Tela bai jira a aike shi ba. Ya bi layi ƙofa ƙofa. Mai Burodi ya riga mu gidan gaskiya shekara biyu kafin nan, sai matarsa ta zo a madadinsa, da gari a hannu. Mahaifina ya zo, mahaifiyata ta zo, ni ma ina cikin waɗanda suka zo. Da yake mai maganar yana ƙarƙashin mota kuma ya ƙi fitowa, dole duk muka durƙusa, wasu har da kwantar da kunci a siminti, muna leƙe. Mutum kusan ashirin, manya da tsofaffi, kowa ɗuwawu a sama. Daga can cikin duhu Mai Birki ya maimaita: ƙafa ba ta saki ba, bututu ne, shi ne bai gani ba. Matar Mai Burodi ta ce ita kunnenta ɗaya ya yi nauyi, a sake. Ya sake. Tela ya ce a ƙara da batun teburinsa, aka ce masa wannan wata shari'ar ce.

"Na saki," in ji Gwaggo.

Birkin tayoyi huɗu ba ya gyaruwa a taku ashirin, kowa ya sani. Likita ya ƙirga da ƙarfi har ashirin, sannan ya juya baya ya ci gaba da goge fenti, ya ce shi daga nan bai ga komai ba. Da aka gama Gwaggo ta danna feda sau ɗaya, ta ce ta yi tauri. Likita ya hau gangarensa, ya kuma sauko washegari don kawai ya tsaya a ƙofar garejin ya nuna mana yana iya tsayawa.

Yanzu Mai Tumbi ne ke yi wa yawancin motoci. Gwaggo Tsohuwa kaɗai take hawa, da wasu biyu da murafunsa ba sa shiga, kuma da ƙafar hagu, sai takalmin hagun ya fara hutawa shi ma. Gwangwanin ta ba ni ajiya. Ta ce in wani a dangi ya sake kawo zancen tirela in nuna masa, wannan ne abin da ya faru.

Suna magana yanzu, daga safe har yamma, har Tela ya fara cewa da can an fi zaman lafiya a layin. Gwaggo tana bin zantukan da suka taru ɗaya bayan ɗaya; makon jiya ta iso kan dalilin da ya sa ya yi wa ƙofa koren fenti shekara bakwai da suka wuce. Tayar tana nan a jingine, ba wanda ya ce a ɗauke ta. Wani lokaci Mai Birki yakan shigo daga gareji yana goge hannu, ya tsaya a gabanta ya fara, "Gaya mata..."

Sai Gwaggo ta ce, "Ga ni ta nan ɓangaren, Baban Riƙe. Juyo."